Agogunan Kaka Ba Su Mutu Ba

Zuwa ga Autata,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da jikata Sakan. Na san ko yanzu tana can tana zagaya ɗaki kamar hannun agogon da na raɗa mata sunansa. Mu nan lafiya lau, sai gwiwar Mamanki da ke ɗan motsawa. Tana gaishe ku.

To, Auta, ba zan ɓoye miki ba. Na ga bidiyon da surukinki Mai Kaji ya tura wa yarinya a guruf ɗin dangi na waya. 'Yan tsaki suna gudu ana kiɗa, sunanta yana saukowa daga sama da jan rubutu, shi kuma ya fito tsaf da gilashinsa kamar mai karanta labarai. Sai ga shi kin biyo da hoton Sakan tana sumbatar fuskar waya. Wallahi ranar abinci bai wuce min ba. Mamanki ta ce wai kishi nake da kakan yarinya ɗan'uwana. Na ce mata eh, kishin nake yi, kuma ba na jin kunya.

Ki dubi nawa da na turo muku kwanaki. Na jingina waya da gwangwanin man agogo, rabin kaina a yanke, babura suna wucewa, ga tari ya sarƙe ni a tsakiya. Ina za a haɗa? Abin da ya fi ci min rai shi ne ranar da muka yi waya ta leƙo ta tambaye ni wai ina kajina. Ni ɗin nan da ta yi rarrafe a shagona, take barcin rana a kan tabarma ƙarƙashin kanta har kuka tashi kuka bar garin nan, yau ni ake tambaya kaji!

An ce zumunci a ƙafa yake, to yanzu ya koma cikin waya, kuma na ga alama ana neman a bar ni a baya. Tsorona kada ta girma ta san kaka ɗaya kawai.

Na yaye zanen da Mamanki ta rufe tsohuwar kwamfutarki da shi a falo, na goge ta, tana tashi. Don Allah ki bugi cikin maigidanki ki ji min sunan manhajar da babansa yake haɗa bidiyo da ita. Kada ki ce ni na tambaya.

Ki shafa min kan Sakan.

Babanki,
Mai Agogo

*

Zuwa ga Autata,

Ina gaishe ki da kyau, da fatan zazzaɓin maigidanki ya sauka. Saƙonki ya iso, Allah ya yi miki albarka. Amma kin ce "Baba, wannan ta fi ƙarfinka", kuma wannan maganar ce ta sa na fara da ita.

Ashe gaskiyarki. Ina sauke ta kwamfuta ta fara nishi, fankar cikinta tana kuka kamar za ta tashi sama. Da ƙyar ta buɗe, sai ga madannai birjik, sun fi kayan cikin agogon bango yawa. Na taɓa ɗaya, fuskata ta koma kore. Na taɓa wani, komai ya tsaya cak. Kuma wai kowane wata sai an biya, kamar haya. Wato haka Mai Kaji yake zubar da kuɗin ƙwai don ya ƙwace min jika!

Na ce to bari in koma ta kyauta. Wannan kam ba laifi, ta yi sauƙi, na wuni ina yanka ina haɗawa har na manta da mai agogon hannu da ke jirana a shago. Da na gama na fitar, sai ga wani ƙaton tambarin kamfanin a tsakiyar goshina. Mamanki ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce na zama buhun da aka buga wa hatimi. Dama banza ba ta kai zomo kasuwa.

Daga nan na sauke girman kai na je wurin maƙwabciyar shagona Mai Hoto, wadda ke wanke hotuna. Ta ce Baba, ba a zaɓar manhaja don wani yana da ita. Ta ce in fara duba ƙarfin kwamfutata, in ga ko biya ɗaya ake yi a huta, in tabbata ba ta buga tambari, sannan in gwada kafin in saya. Na ce ai haka nake gaya wa masu sayen agogo, a sa a hannu tukuna. Ta nuna min guda biyu, na ɗauki wadda madannanta ba su da yawa. Ka jawo hoto ka ajiye, ka sa almakashi inda ba ka so, shi ke nan. Kuɗinta ma bai kai na gyaran agogon bango ba.

Auta, in kin ga aikin da na yi! Na ɗauko bidiyon nan nawa na kwanaki, na yanke tarin, na daidaita kaina, na sa furanni suna zubowa, na rubuta sunanta da ruwan zinare, ba ja ba. Akwai kuma wani madanni mai share hayaniya. Ina danna shi babura suka ɓace, surutun titi ya ɓace, har tik-tik ɗin agogunan shago ya ɗauke ɗif, sai muryata kaɗai tas kamar a rediyo. Na ɗora kiɗa mai daɗi a kai. Kin san ni, ba na mayar wa mutum agogo da ƙura a ciki.

Na tura a guruf da gangan, don kowa ya gani. Ki faɗa min tsakaninki da Allah wanda ta fi kallo, nawa ko na kaji.

Ki gaida mutanen gidan, har da Mai Kaji in ya kira.

Babanki,
Mai Agogo

*

Zuwa ga Autata,

Bayan gaisuwa, ina fata kun tashi lafiya. Na yi jinkirin amsa, don wasiƙarki sai da na karanta na ajiye, na sake ɗauka.

Kin ce da kika kunna mata sabon bidiyon ta kara wayar a kunne, ta jijjiga ta, sannan ta tambaye ki ko agogunan Kaka sun mutu ne. Kin ce ta fashe da kuka ta ƙi barci sai da kika nemo tsohon. Haba Auta! Ashe tun da na turo muku wannan mai rabin kan da tari, shi kike ajiye mata kusa da filo kullum da rana, kuma ba ta runtsawa sai ta ji shagona yana bugawa? Me ya hana ki faɗa min? Kin ce kin ɗauka na sani. Ina zan sani, ni da nake nan ina ƙirga sumbar da aka yi wa kaji?

Mamanki ta ce garin neman gira na tashi rasa ido. Na shiga shago na zauna, na kasa kunne. Shekara da shekaru ina cikin wannan ƙara har na daina jinta, shi ya sa na share ta kamar datti. Sai da na ji ƙwalla ta zo min.

Jiya na bi agogunan duka na ba su wani, na murɗa makullin kowanne, har da babban nan mai lilo da take nuna wa yatsa. Na kwantar da waya a ƙarƙashin kanta, daidai inda tabarmarta take, na bar ta tana ɗauka. Ban ce komai ba sai sunanta a farko. Manhajar ta yi min rana a nan, don da ita na jona shi ya yi tsawo, yadda ba zai ƙare ba kafin ta farka. Ba fure, ba kiɗa. Madannin share hayaniya kuwa ko kallonsa ban yi ba. Wannan ke kaɗai na tura wa, kada ki sa a guruf.

Sai kuma ki ji wani abu. Shekaranjiya Mai Kaji ya kira ni da kansa. Ya yi ta kewaye-kewaye, ya tambayi gwiwar Mamanki, ya yabi furannina, can sai ya ce wai ko zan ɗaukar masa ƙarar agogunan in tura masa, yana so ya sa a ƙarƙashin bidiyon 'yan tsakinsa. Ashe duk lokacin da ya kira a ba shi yarinya da rana, sai a ce tana barci da Kakan agogo. Ashe shi ma abincin ba ya wuce masa! Na tausaya masa ƙwarai, Allah ya sani. Na ce zan duba.

To na duba. Ki gaya wa maigidanki ya ba babansa haƙuri cikin ladabi. Ya riƙe kajinsa da kiɗansa da jan rubutunsa, ta kalle shi ta sumbace shi in idonta biyu, na yafe. Amma in barci ya zo, tawa ce.

Ki gaya wa Sakan agogunan Kaka ba su mutu ba, suna nan suna jiranta.

Babanki mai ƙaunarku,
Mai Agogo