Tambayar Bargo a Majigin Haɗeja

Haɗeja, Agusta 1952

Zuwa ga Yaya Umara,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, kai da iyali da hidimomin Kano. Inna ma tana gaishe ku.

Bayan haka, har yanzu muna Haɗeja. Kogi ya cika ya cinye hanyar Auyo, motar majiginmu tana tsaye kamar an dasa ta. Da farko na yi murna, don rabona da tuwon Inna da miyar kifi an daɗe, amma yanzu zaman ya ishe ni. Hotuna kaɗan muka taho da su, na noman gyaɗa da na haƙa masai da na jirgin ƙasa. Mun maimaita su har yara suna riga ni faɗin bayanin kafin in kai baki ga lasifika.

Da Baturenmu, wanda muke kira Mai Lofe, ya ga jama'a na raguwa, sai ya ƙirƙiro kacici-kacici bayan an gama hoto. Shi ke ba ni tambaya, ni in faɗa da Hausa, wanda ya ci a ba shi sabulu. Da ka ga yadda gari ya ruɗe. Ina jirgin nan na hoto ya nufa? Wane kifi ne in ka taɓa shi hannunka ke mutuwa? Wani masunci ya ce minjirya tun ban rufe baki ba. Dattawan da suka ce majigi aikin shaiɗan ne, su ne yanzu a sahun gaba suna gardama a kan wace unguwa ta fi tsufa.

Ga damuwata. Ran Juma'a za a yi babbar tambaya, kyautarta bargo: wace shekara Turawa suka kawo wa Haɗeja zaman lafiya? Ka san ranar da ake nufi, ranar da suka ci garin da yaƙi. Ranar ce aka harbe kakanmu a bakin ƙofar gari, Inna tana yarinya, kuma da wuya ka sami gidan da bai yi rashi ba. Na nuna wa Mai Lofe haka, ya ce ai tarihi ne kawai, in ba zan iya ba akwai masu neman aikin. Mutumin ba mugu ba ne, bai dai san inda yake takawa ba.

Inna kuwa ta ce ranar za ta zo ta ji muryar ɗanta a lasifika. Na kasa zama wuri ɗaya. Kullum sai na yi ta safa da marwa zuwa bakin kogi in ga ko ruwa ya ja, mu bar garin kafin Juma'a. Tsoro nake ji, Yaya. Ka taya ni da addu'a.

Ƙanenka,
Shu'ibu

Haɗeja, Satumba 1952

Zuwa ga Yaya Umara,

Ina gaishe ka da gaisuwar girmamawa. Yaya jikin yaran? Allah ya ƙara lafiya.

Ruwa bai ja ba. Ana gobe Juma'a na gaya wa Inna komai, don kada ta zo. Tana tsintar shinkafa, ba ta ko ɗago kai ba, ta tambaye ni wace amsa Baturen yake so. Na faɗa mata, na ɗauka tambaya ce kurum.

Ta zo duk da haka. Na yi tambayar. Fili ya yi tsit. Wasu dattawa suka miƙe suna kakkaɓe buzayensu. Mai Lofe ya sa na maimaita, har ila yau shiru. Sai ya juyo ya ce da ni ya gane, ni na haɗa baki da mutanen garinmu, in kwana da sanin aikina ya ƙare.

Inna ba ta jin Turanci, amma ta ga fuskata. Ta miƙe daga cikin mata ta ce alif ɗari tara da shida, sarai yadda na gaya mata. Ta ratsa mutane ta durƙusa ta karɓi bargon da hannu biyu. Mai Lofe ya yi tafi, shi kaɗai.

Aikina yana nan. Amma Iya Bintu, ƙawar Inna tun suna yara, wadda ita ma ubanta ya rasu a ranar yaƙin, ta daina shigowa gidanmu. Jiya an yi suna a maƙwabta, ba a aiko wa Inna goro ba. Ta wuni a ƙofar ɗaki tana jin guɗarsu, tana kaɗi.

Yanzu kogi ya ja, gobe za mu wuce Auyo. Na yi ta roƙon tafiyar nan, ga ta ta zo, ƙafata ta ƙi ɗaguwa. Da na ba Inna haƙuri ta ce in bar zancen, ubanta ya riga ya tafi, ni ne mai rai.

Don Allah ka nemi hutu ka zo ka zauna da ita, ko na 'yan kwanaki ne. Ni zan tafi da aikina, ita aka bari da garin.

Ka gaida mutanen gida.

Ƙanenka,
Shu'ibu