Farar Ƙwayar Gyaren Kawu Idirisu

Zermu, Litinin

Zuwa ga 'yata Ramatu, a iniwarsite ta Damagaram,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan karatu na tafiya daidai, ina sanar da ke cewa kiwon gyaren da mutanen furoje, wato shirin tallafin manoma, suka ba ni don ciyar da kaji ya shiga matsala. Sati uku matan gyaren suna zuba ƙwai a cikin jiƙaƙƙen yashi, ko ɗaya bai ƙyanƙyashe ba. Idan aka ƙara wata guda a haka, mutanen furoje za su karɓe akwatunan kiwon.

Ina zargin cuta. Wata farar ƙwaya, ba ta kai ƙwayar gero ba, tana fitowa a gindin mazan, daga baya in gan ta manne da matan. Takardar furoje, shafi na shida, ta ce duk farin abu funfuna ne, a kawar da shi. Saboda haka nake tsare da su, da na gani sai in cire da tsinken tsintsiya. Mazan kuma na ware su. Na ba Sule direba biyu daga cikinsu a kwalba ya kawo miki. Ki duba da kyau.

Kawunki,
Idirisu

Damagaram, Laraba

Kawu,

Ina gaisuwa, ya su Inna? Saƙo ya iso. Gara da ka rubuto, don wallahi wannan magana ba ta faɗuwa a waya.

Ka gafarce ni, Kawu, ba cuta ba ce. Jakar maniyyi ce. Namijin gyare yana haɗa ta a wani ɗan aljihu a ƙarshen cikinsa. Tana fitowa da taushi, fara fat, ta ɗauki kusan awa ɗaya kafin ta yi tauri, da ɗan siririn bututu a bakinta. Sai ta nuna yake kukan neman mace. Macen ta hau bayansa, ya manna mata, abin ya tsiyaye a hankali. In ya ƙare ita za ta cire da kanta. Shi kuma ya soma haɗa wata.

Sati uku kenan kana raba aure da tsinke! Ka mayar da mazan, ka canza yashi, ka tafi gona. Kwana goma sha biyu, kada ka taɓa komai.

'Yarka,
Ramatu

Zermu, Asabar, bayan sati biyu da rabi

Ramatu,

Bayan gaisuwa. Na bi umarni, ko da yake takardar ba ta faɗi haka ba. Sau biyu na ga farar ƙwayar, na zuba hannuwana a aljihu na fita.

Yau da hantsi yashin ya motsa. Na ƙirga 'ya'yan gyare ɗari biyu da sha ɗaya, sai suka cakuɗe. Akwatuna sun tsira. Na gyara shafi na shida da jan alƙalamin bik.

Idan mahaifiyarki ta tambaya, ki ce a kan abincin kaji muka yi magana.

Allah ya yi miki albarka.

Kawunki,
Idirisu