Shanun da Ba Su San Kiranka Ba

Zuwa ga Yayana Sale,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ƙani ga wansa, ina rubuto maka ne duk da na san inda kake wasiƙa ba ta zuwa. Alhaji mai gona ya aiko in maye gurbinka, har da tafiya ƙasar waje rako wasu sababbin shanun a jirgi. Inna ta ce in na je ba ta yafe ba. 'Ya'yanka kuwa, hatsin rumbunsu ya kusa ƙarewa.

Na tuna dawowarka daga waccan tafiyar da ka rako masa shanun farko. Ka zauna a zaure kana ba mu labarin jirgin da babu kujera a cikinsa, sai akwatunan katako, shanu a ciki suna ta zawo don tsoro, kai kana bi da bokiti kana ba su ruwa a sararin samaniya. Muka yi ta tsokanarka, ɗan Fulani ya yi kiwo a saman gajimare. Ka ce: «Shanu ne dai, amma ba tozo, ba ƙaho, ba suna, sai lamba a kunne.»

Daga Kano aka kwaso su a tirela zuwa gonar Alhaji a bayan Tsiga. Har fanka aka sa musu, Yaya, kai kana kwana a bukka.

Ranar Laraba da la'asar ina kasuwar Funtua aka kira ni. Ma'aikatan gonar sun ce da aka ji ƙarar baburan ɓarayin daji kowa ya faɗa cikin masara. Kai kuwa ka buɗe shinge, ka tsaya a fili, ka yi fito, ka ƙwala kiran da Baffa ya koya mana, wanda fararen shanunmu in sun ji suke yankowa da gudu su bi mutum ko rafi ya faɗa. Waɗannan ko kai ba su ɗaga ba, tuƙa kawai suke yi. Ka sake kira. Kana kan na uku harsashi ya same ka a maƙogwaro.

Haba Yaya! Ina suka san ka?

Su ma la'anannun ba su ci riba ba. Sun kora shanun, shanun sun kasa tafiya, ko kwalta ba su kai ba suka fara zubewa. Haushi ya sa suka bi su da adda suna sare musu agara. Na tarar da su suna jan gindi suna kuka, jini da madara sun cakuɗe a turɓaya. Ta cikinsu na ratsa na ɗauko ka, bakinka a buɗe. Wallahi har yau ban sake shan nono ba.

Alhaji ya zo ta'aziyya, ya yi hawaye. Ban tambaye shi na waye ba.

Jiya na durƙusa gaban Inna har ta sauko, domin yaranka sai sun ci tuwo. Zan hau jirgin, zan ba shanun ruwa kamar yadda ka yi. Amma na dafa Alƙur'ani a gabanta: ranar da na ji babura, ni ne na farko cikin masara.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya karɓi shahadarka. Waɗanda suka harbe ka kuwa, Allah Ya isa.

Ƙaninka da ke kewarka,
Iro