Bana Shanunmu Ba Za Su Gonar Ado Ba

Assalamu alaikum Yaya Mati,

Ya gida, ya ƙafar Inna? A gaishe da Sa'adatu da yara da mutanen Karare.

Ni lafiya lau nake a Ingila, kada Inna ta damu. A masallaci nake kwana yanzu, amma akwai ɗumi.

Ado ɗan Kawu ne ya watso min kayana waje ana ruwa, ya ba abokinsa ɗakin da nake kwana a gidansa. Da na yi magana, sai ya dafa kafaɗata ya ce, "No hard feelings." Maganar Turawa ce, wai kada a riƙe abu a zuci. Suna faɗinta in an tashi ƙwallo, ko in sun kore ka daga aiki. Shi ke nan fa, ba turo dattijo, ba neman gafara.

To, na koya. Shekara nawa shanunmu suna yi masa huɗa a gonarsa ta Darini don zumunci? Bana kada garmarmu ta shiga can, ciyawa ta cinye ta. In ya kira ka yana kumfar baki, ka gaishe shi da kyau, ka tambaye shi ya sanyi, sannan ka ce in ji ni, no hard feelings.

Allah ya ba mu damina mai albarka.

Ƙaninka,
Sharhabilu