Zanen rumbun citta ya ƙi buɗewa

Kafanchan, Laraba da dare

Har yanzu raina bai gama hucewa ba, amma yau Rifkatu ta burge ni.

Gobe magina za su fara haƙa tushen rumbun citta na matan cocinmu a Kachia. Da rana ina cikin adana zanen a kwamfuta aka ɗauke wuta. Da janareta ya tashi, fayil ɗin ya ƙi buɗewa. Na zagi masu wuta, na zagi kwamfutar, ko wanda ya ƙera ta ban ƙyale ba.

Rifkatu da muke ofis ɗaya ta jawo kujera. "Yaya, ci gaba da zagin, amma matsa mini."

Duk sanda aka adana zane, manhajar tana barin tsohon kwafi a gefensa. Ni shara nake ɗaukarsa, ita ce kullum take hana ni gogewa. Ta nemo shi, ta sauya ƙarshen sunansa don manhajar ta iya buɗe shi, ta danna. Sai ga rumbuna, bango da rufi, taga ɗaya kawai ta ɓace.

Na ce, "Me zan ba ki?"

Ta ce, "Mayar da tagar, Yaya, kar cittar mata ta ruɓe."

Na mayar. Gobe za a haƙa.