An gayyace ni in yi waƙa a bikin wanda ya yaudare ni

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, zuciyata tafasa take yi.

Ina zaune a unguwar Whalley Range a nan ƙasar Turawa, kuma tun ina yarinya nake waƙa a wajen kamu da sa lalle. Na yi soyayya da wani da ya zo karatun dokta, har abokansa sun je sun gaida kawuna. Ya ce matar dokta ba ta waƙa a gaban jama'a, ni kuma sakarya na daina. Watan da ƙaramar hukuma ta rufe cibiyar matasan da nake aiki a ciki, a watan ya daina ɗaga wayata, da na matsa sai ya ce wai yana buƙatar mace mai makoma.

Na yi kuka har na gode Allah, daga baya na zauna a flat ɗina na ɗauki wata waƙa a waya, ina ce wa kaina ke ma mutum ce, kin warke, tashi ki shafa kwalli. Na tura wa ƙawata, sai ga ta a wayar matan Hausawa ko'ina. Na samu wani aikin, na koma waƙata, har ƙiba na yi. Amma akwai baiti ɗaya da ban saki ba, zambo ne tsantsa, ya zana shi tun daga wushiryarsa har unguwarsu, da yadda ya bar kawuna da kunya.

Makon jiya wata yarinya 'yar Ghana ta kira ni daga unguwar Handsworth, Anti sama Anti ƙasa, wai waƙata ce ta ɗaga ta lokacin da wani ya karya mata zuciya, don haka ni take so a dinar bikinta. Ta turo katin, sai ga sunan mutumin nan, shi ne angon. Ba ta san komai ba, kuma na riga na amsa mata.

Ba zan yi muku ƙarya ba, ba don in cece ta nake son rera baitin ba, fuskarsa nake son gani a gaban surukansa. Har na fara bitarsa a bas. Sai dai yarinyar nan ba ta yi mini komai ba, kuma ta yarda na warke ne shi ya sa ita ma ta tashi.

In rera in huce, ko in yi shiru ya ci bulus? In kuwa na rera, da wane baki zan sake ce wa wata mace na warke?