Kwanon Ɗakin Yara

Matata Verlyn,

Gaisuwa mai yawa daga Kanada. Ya yara, ya ƙafar Mama? Ni lafiya lau, sanyin gonar tuffa ne kawai ke cin yatsuna.

Idona kullum yana kan waya, ina bin hadarin nan da ya taso daga Afirka. An ce wataƙila ya watse, wataƙila ya zama guguwa ya nufi tsibirinmu Dominika.

Verlyn, da na ce miki na ɗaure rufin gida duka, ƙarya na yi. Ranar tafiya ta zo ban kai ga kwanon rufin ɗakin yara ba. Don Allah ki kira Alwyn kafinta yau.

Zagin kuwa ki ajiye mini. Allah ya sa in tarar da gidan da zan sha shi a ciki.

Mijinki,
Cuthbert